Yadda Za Ka Nemo wa Kamfanin Wasan Waya Jari a Garin Isa

Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin wata shida jari zai shigo. Na gwada su a kan ɗana Hafizullahi, wanda ya dawo daga Sakkwato da digiri da kwamfuta, ya buɗe kamfani a shagon gidana.

1. Zaɓi suna mai nauyi

Kada ka ce wasa kuke ƙerawa. Ba mai zuba kuɗi a wasa. Ce "masana'antar fasaha". Ma'aikata uku sun isa, muddin sun yarda albashinsu fura ce da alkawari.

2. Fara cin na gida

Janareta na shan mai kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Sai da babur ɗin tsohonka, sannan geron bana. Masana na kiran wannan jarin farko. Ni na kira shi babur ɗina.

Ka bar saniyar mahaifiyarka, marigayiya Saudatu, tukuna. Ita ce ta rene ta tun tana maraƙa, kuma tsoho na gaishe ta kowace safiya.

3. Yi wasan da ya shafi mutanenka

Namu na fataucin shanu ne a kasuwar Bafarawa. Ka latsa, ka saya. Ka latsa, ka sayar. Farashi a rubuce, ba ja-in-ja. An ce haka ake yi a duniya.

4. Gayyaci mai kuɗi

Mun samu Alhaji Na'Allah, babban dillalin shanu. Shimfiɗa masa darduma, miƙa masa waya. Ya latsa, sa ya tafi, kuɗi suka shigo. Ya juya wayar ya duba bayanta.

"Yaro, wa ya sasanta cinikin ga?"

"Ba kowa, Alhaji. Sauƙin ke nan."

"To la'ada fa? Wa ya amsa?"

"Mun cire ta."

"Kun gina kasuwar da babu ni ciki, kuma ni za ni biya kuɗin ginin? Malam, ɗanka na da hankali kuwa?"

Na ce digiri gare shi.

5. Koma gida

Wannan matakin na tsoho ne, irina. Yanzu ɗanka zai tuna da karatun gado. "Baba, saniyar Inna ai da rabona ciki." Gaskiya ne, ni na koya masa lissafin. Kada ka yi gardama. Kwance igiyar da kanka, don ba ta bin kowa sai kai.

A Bafarawa ba a sai da saniya sai da dillali. Na'Allah ya duba haƙoranta, ya yaba kiwon marigayiya, ya cire la'adarsa. Har yau shi kaɗai ya taɓa cin riba a kamfanin.

Gargaɗi

Jari na yi alkawari, ban ce daga ina ba. Abin da ya biyo baya ba ruwana. Mai ƙorafi ya same ni da safe a bakin turke. Har yanzu nakan je, ban san dalili ba.