Kiɗan da Na Yi wa Alhaji Mamman a Babban Duhu

Ko shekara nawa zan yi ina riƙe da ganga, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da na je biki Babban Duhu.

Ni ɗan makaɗi ne. Mahaifina gangar noma ya kaɗa a Yasore har hannunsa ya fara rawa. Ni kuwa tun ina saurayi na raina ƙauye na tafi birni. Na kaɗa wa 'yan dambe kalangu, na bi 'yan mandiri maulidi, na buga gangunan Turawa a otal a Kaduna, na yi aiki da wasu Yarabawa shekara uku, na zauna a sitidiyo a Kano ina zuba wa mawaƙan zamani kiɗa. Duk wanda ya tambaye ni wane kiɗa na iya, sai in ce masa, "Wanne kake so?" (Allah Ya yafe mini, har kati na buga da wannan maganar a jiki.)

Bara na zo gida ganin Baba, sai na tarar an aiko masa da goron gayyata. Wani Alhaji Mamman na Babban Duhu zai aurar da autansa, yana son a yi masa gangar noma irin ta da. Baba ya daɗe yana jujjuya goron a hannu.

"Shekara kusan arba'in ba mu gaisa da mutumin nan ba," in ji shi. "Tunda ya aiko, ya huce ke nan. Ni hannu ya ƙi. Kai za ka je a madadina. Zauna in koya maka takensa."

Take shi ne kiɗan da ake yi wa mutum shi kaɗai, wanda ko daga nesa ya ji ya san da shi ake. Baba ya fara ƙwanƙwasa shi a bayan ƙwarya, ni kuma ina duba waya. Na ce, "Baba, ai na san taken Mamman. Tun ina yaro nake jin kana kaɗa shi." Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Haba Baba." Ban tambayi abin da ya raba su ba ma.

Kuma da gaske akwai wani kiɗa da na taso da shi a kunne. Duk gayyar da Baba ya buga shi, sai manoma su kwashe da ihu suna "Mamman! Mamman!" Me kuma zai zama in ba takensa ba?

Ranar Asabar na hau mashin tun da hantsi, domin yanzu biki a yankinmu da rana ake gamawa, kowa na son la'asar ta yi masa a gida saboda halin hanya. Bayan ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Alhaji Mamman, dogon dattijo mai farin gemu, ya zauna a tsakiyar abokansa da surukansa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Kai ne ɗan wajen Ɗandada? Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Baba Alhaji. Ya ce a gaishe ka da kyau."

"Madalla. To, bismilla."

Na rataya ganga na ɗan ɗumama wuri, sannan na saki kiɗan nan nawa. Har ado na ƙara masa irin na birni.

Abin da ya biyo baya ya ɗaure mini kai. Wani tsoho da ke shan ruwa ya ƙware. Liman ya sunkuyar da kai yana ta jan carbi da sauri. Surukai suka shiga kallon juna. Samari kuwa rawarsu suke, ba su san komai ba, kamar ni. Daga bayan danga sai na ji tsofaffin mata sun fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Na ce a raina, to, maza sun tuna ƙuruciya ne jikinsu ya yi sanyi, mata kuma sun ji daɗi. Sai na ƙara wuta.

Wani dattijo ya riƙa ɗaga mini hannu yana kaɗawa. Na ɗauka cewa yake in matso. Na matso har gaban Alhaji, na durƙusa da gwiwa ɗaya, na maimaita masa kiɗan sau uku a saitin kunne.

Alhaji Mamman ya miƙe tsaye. Ni kuma na turo goshi gaba, ina jiran liƙi. (Eh, har ido na lumshe.) Sai na ji an zare sandar kiɗan daga hannuna.

"Ubanka ne ya aiko ka da wannan?"

"Eh, Baba Alhaji. Ya ce lallai in yi maka naka."

Dattijon da ke ɗaga mini hannu ya jawo ni gefe da rigata.

"Kai yaro, ka san mi gangarka ke faɗi?"

"Taken Alhaji mana."

"Taken wa? Cewa take, 'Mamman ya yar da garma, ya bi mai fura.' Zambo ne! Ranar wata gayya ya bar kunyar da yake nomawa a gona ba a gama ba ya bi wata 'yar Fulani mai tallar fura, ubanka ya sa shi a ganga. Shi ya raba su!"

Shekara ashirin ina kiɗa, ban taɓa sanin wannan abin magana ce ba. Na tsaya da ganga a wuya, gumi na zuba. Ina tunanin Baba da goronsa, da yadda na rusa masa sulhun da aka yi shekara arba'in ana jira cikin minti biyar.

Sai ga wata tsohuwa fara, siririya, ta leƙo daga zaure da mayafi a ka. Uwar ango ce, Hajiya Shatu.

"Alhaji, ba yaron nan sandarsa," ta ce. "Ƙarya gangar ta yi? Ba ka yar da garmar ba? Ba ka biyo ni har ruga ba? Da ka tsaya ka gama kunyar, wa zai haifa maka angon?"

Liman ne ya fara kasa riƙe dariyarsa, sauran suka bi. Alhaji ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, gemunsa na rawa. Daga ƙarshe ya miƙo mini sandar ya ce, "Zauna nan." A gaban surukai da yara da kowa, ya koya mini takensa na gaskiya da baki, ina bi da ganga kamar ɗan koyo. Sau huɗu yana cewa, "A'a, sake."

Da na koma Yasore na ba Baba labari, sai ya yi salati, ya rufe fuska da hula. Na zaci kuka yake. Ashe dariya ce, har da tari. Bayan sati biyu Alhaji Mamman ya zo duba shi da kansa, suka wuni a zaure, ni kuwa aka hana ni shiga.

Tun daga ranar, duk garin da aka kira ni kiɗa, kafin in taɓa fata sai na nemi wanda ya fi kowa tsufa a wurin, in kaɗa masa a hankali, in ce, "Baba, don Allah me na ce?"