Yadda Na Dirje Azurfata da Toka

Shekarar da riɗi ya yi kuɗi, mai ɗakina Hajara ta ce mu sayi zinariya zalla, a auna, mu ajiye. Na yi mata murmushin masana. Na ce awo na masu ƙaramin tunani ne, mu manya tarihi muke saye.

Na tafi kasuwar Gwaram, na sayo tsofaffin sulallan azurfa guda tara, irin waɗanda matan Fulani ke ratayawa a kitso. Duk sun yi baƙi ƙirin. Da yake ni mutum ne mai tsafta, sai na zauna da toka da lemon tsami, na dirje su har ina ganin fuskata.

Na kai wa wani dillalin kayan tarihi a Birnin Kudu, ina taƙama. Ya juya ɗaya, ya yi salati.

"Malam, wa ya yi wannan aika-aika? Ai baƙin nan muke saye. Yanzu sai dai awo."

Ya zuba su a sikeli. Ko rabin kuɗina ban gani ba.

Har yau, in gindin tukunya ya yi baƙi, sai Hajara ta dire ta a gabana cikin ladabi: "Malam, ga wani tarihin, ga kuma toka."