Jatau Manjo da Sandar Badujala

Wani mutum ne a garinmu ana ce masa Jatau Manjo. Manjon nan ba gwamnati ta ba shi ba, shi ya ba kansa, mu kuma muka bar masa don ba mu da ƙarfin gardama. Ya yi wasu shekaru a bariki, ya dawo da akwati ɗaya da baki kamar rediyo. Wai shekara goma sha biyu yana jan badujalar soja, shi ne mai sandar nan na gaba, wanda ke wurga ta sama ya cafe. Shaidarsa wani tabo ne a damtsensa na dama, mai kusurwa uku. Saboda tabon nan, hannun rigarsa kullum a naɗe yake, ko ana muku-mukun sanyi.

"Kun ga wannan?" in ji shi. "Tsinin sanda ne. Gaban janar huɗu na wurga ta. Sai da na ɗaure igiyar takalmina, na gaisa da wani abokina, sannan ta dawo."

Da tabon nan yake shan shayi kyauta, da shi yake samun kujerar gaba a kowane biki. In ka cire masa sunan Manjo, ba abin da zai rage sai akwatin.

Mu kuwa muna da 'yar badujalarmu ta ƙungiyar 'yan sintiri. Ni ke kaɗa ƙaramar ganga. Wanda bai taɓa yi ba gani yake wasa ne, amma wallahi aikin nan yana cin jiki. Kafin kowane fareti sai na naɗe yatsuna da filasta, in ba haka ba su yi bororo su fashe. Masu busa bigila leɓɓansu tsagewa suke yi. Bawa Tulu mai babbar ganga kuwa, igiya ta ci masa kafaɗa har sai ya ninka tawul ya sa. Gangar tasa in ya rataya ta ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin gabansa. Abin da yake iya hangowa kawai shi ne sanda in an ɗaga ta sama.

To ga yadda muke aiki. Sandar nan ba ado ba ce, umarni ce. In mai sanda yana so a tsaya, sai ya riƙe ta da hannu biyu, ya ɗaga ta a kwance bisa kansa. Bawa ya gani, ya buga bum-bum, kowa ya ja birki. In ba a yi wannan ba, ko bango ne a gaba, tafiya ake yi.

Jatau yakan zo wurin atisaye ya tsaya a inuwa yana taɓe baki.

"Filasta?" ya ce da ni wata rana. "A bariki in aka ga filasta a hannunka, kwana uku za ka yi kana tsallen kwaɗo. Ku 'yan hutu ne."

Na ji haushi, amma na ci gaba da kaɗa gangata.

Ana saura mako ɗaya faretin ɗaya ga Oktoba, sai mai sandarmu, Malam Sallau, ya cafe ta a karkace, wuyan hannunsa ya gurɗe. Targaɗe ne kawai, kwana uku ya isa. Amma Jatau ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan jar rigar nan ta mai sanda, mai igiyoyi ruwan zinare a ƙirji. Kafin la'asar ya isa gidan Sallau da sunan dubiya. Ya kama hannun, ya juya, ya girgiza kai.

"Mene ne, Manjo?" in ji Sallau.

"Babu komai. Allah dai ya kiyaye."

"Don Allah faɗa mini."

"Akwai wani a bariki, haka nasa ya fara. Ya ƙi hutawa, ya yi fareti. Yanzu da hagu yake cin tuwo."

Nan take Sallau ya ce ya haƙura da faretin bana. Washegari Jatau ya bayyana gaban shugaban ƙungiya, wai ba don yana so ba, sai don kada gari ya ji kunya. Aka miƙa masa riga da sanda. Muka ce ya zo atisaye, ya yi dariya.

"Ni zan yi atisaye? Ku dai ku yi."

Sallau, bawan Allah, ya biyo shi da hannu a ɗaure. "Manjo, ka dai san alamar tsayawa ko? Bawa ba ya gani, sai ka..."

"Sallau, ni kake koya wa? Ina jefa sanda kana tallan rake."

Ranar fareti filin firamare ya cika maƙil. Rana kamar ta sauko ƙasa. Manyan baƙi suna cikin rumfa ƙarƙashin darbejiya, a cikinsu har da alƙalin fareti, wani tsohon soja da aka gayyato daga wani gari, Saje Dogara. Jatau ya fito cikin jar riga yana ɗaukar ido. Ko a nan sai da ya naɗe hannun rigar har kafaɗa, don kada tabo ya rasa rabonsa.

Muka tashi. Darararam, darararam, bum. Jatau a gaba, mu a sahun farko, Bawa a tsakiyarmu, masu bigila a baya. Gaskiya da farko bai yi laifi ba. Yana taku, yana juya sanda kamar mai tuƙin tuwo. Mata suka rangaɗa guɗa. Shi ke nan, kai ya kumbura.

Muna isa daidai rumfa, sai ya tattara ƙarfinsa duka ya wurga sanda sama. Fiiiu.

Duk wanda ya san aikin ya san gaba kaɗan ake jefa ta, ka ci gaba da taku, ku haɗu da ita. Jatau saitin kansa ya jefa, ya kuma tsaya cak, ya ɗaga kai, baki buɗe, yana jira. Sanda kuwa ta shige reshen darbejiya ta yi zamanta.

Mu masu ƙananan ganguna muka gan shi, muka dare gida biyu. Na ƙwala wa Bawa kira, amma wa zai ji kira a bayan wannan gangar? Shi dai bai ga alamar tsayawa ba, don haka bai tsaya ba. Mutum ne mai nauyin buhun masara biyu.

Dim.

Ganga ta ɗauki Jatau ta baya, ta shimfiɗa shi rub da ciki. Bawa ya bi ta kansa. Masu bigila suka bi ta kan Bawa. Wata bigila ta yi wani kuka, fiiit, ta mutu. Ƙura ta tashi, huluna suka watse, wani ya fasa leɓe, Bawa ya ɗaye gwiwa. Ganga ta kwance ta gangara ita kaɗai har gaban manyan baƙi, kamar ta je gaisuwa.

Aka zaƙulo Jatau daga ƙasa. Ka san mutumin, ko a nan bai saduda ba. Ya miƙe yana tangaɗi, ya karkaɗe riga, ya ɗaga hannu.

"Kada kowa ya tada hankalinsa. Wannan salon bariki ne. Ana kiransa..."

Iska ta kaɗa reshe. Sanda ta dawo, kamar yadda ya sha gaya mana tana daɗewa. Ƙwal, a tsakiyar ka. Jatau ya zube sumamme.

'Yan agaji suka kinkimo shi zuwa rumfa, suka yayyafa masa ruwa. Wani ƙulu ya taso masa a ka kamar ƙwan agwagwa. Saje Dogara ya taso ya duba shi, abin magana na lasifika yana hannunsa, ya manta bai kashe ba. Ya dubi fuskar. Ya dubi damtsen. Ya sake duban fuskar.

"A'a. Jatau? Jatau mai wanki da guga?"

Filin gaba ɗaya ya ji. Jatau ya rufe ido, wai ya sake suma.

"Shi ne mana," in ji Saje, muryarsa tana fita ta kowace kusurwa. "Ga tabon nan. Gyangyaɗi ya yi yana goge mini kakin fareti, ya kifa a kan dutsen guga. Wandon ma bai sake moruwa ba. Wa ya ba wannan sanda?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Bawa yana riƙe da gwiwa yana hawaye, ba na ciwo ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sanyi na ji har cikin raina.

Sai ga Malam Sallau ya ratso jama'a a hankali, hannu a ɗaure. Ya durƙusa kusa da Jatau, ya shafa jar rigar da ta sha ƙasa, ya ce cikin ladabi:

"Sannu, Manjo. Rigar ta yamutse. Tunda aikinka ne, a wanke a goge kafin a dawo mini da ita."