Safiyar da Na Ƙwato Maigidana Daga Hannun Gulbi

Ko an kai ni kushewa ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, kuma har gobe ina nan a kan bakana, rabin laifin ba nawa ba ne. Ku ji yadda aka yi, sannan ku yi mini shari'a.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Nasara suna ɗaure kaya, 'ya'yan ƙasa suna hawa kujerunsu tun ba su huce ba. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, komi ne, wato mai rubutu a biro, ofishin gwamnati ke nan. Aka ɗauko shi daga Damagaram aka kawo Yamai, ni ma aka ɗauko ni da tukwanena, muka sauka a unguwar Maourey. Ni 'yar tudu ce, ruwan da na sani na rijiya ne da na tabki. Ranar da na fara ganin gulbin Isa sai na ce a raina wannan ai gari ne, gari kuwa ba ya rasa masu shi.

Tun da aka kawo ni gidan Malam bai taɓa fita da safe bai sha kokona ba. (Ba yabon kai ba, kokon nan har maƙwabta aikowa suke.) Kwatsam sai mutum ya canza. Da ya sallame sallar asuba sai ya zura wani guntun wando iya gwiwa, magidanci da shi, ƙwauri a waje, ya sa farar taguwa ya fice. Sai rana ta ɗaga ya dawo hannu rabbana.

Na ce, "Malam, ina aka je?"

"Bakin gulbi."

"Yin me?"

"Tafiya."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. Tafiya dai."

Ku ji fa! Mu a garinmu in mutum ya tashi tafiya, ko kasuwa za shi, ko gaisuwar mutuwa, ko jakinsa ya ɓata. Wanda ke tafiya ba inda za shi, mun san sunansa, kuma yara ne ke binsa da jifa. In na ajiye masa koko ya ture ƙwarya ya ce ya ƙoshi. Ga hannunsa na rawa, ido a bushe kamar na mujiya, baki na warin ƙauri, ga rama ta fara bayyana a wuyansa.

Maƙwabciyata Zalika, Bazabarma ce mai suyar fari masa a ƙofar gida, ita ta gan ni ina juye wa akuya kokon Malam.

"'Yar Damagaram, akuyar taki haihuwa ta yi ake mata wannan gata?"

Na zauna na zayyana mata komai. Ta ajiye matsami, fuskarta ta sauya.

"Da asuba yake zuwa? Ba kifi, ba wanki, ba tulu? Kuma ya ƙi abincin gida? Wayyo baƙuwa, ai an ba shi na can ya ci. Masu ruwa in suna son mutum ba rana ɗaya suke jan sa ba. Ciyar da shi suke a hankali, har ranar da zai tafi a tsinci takalmansa a gaɓa."

Ba uwa ba uba a garin, ga goyo a baya, in gulbi ya ɗauke mini miji wa zan kama? Washegari Zalika ta sa ni a kwalekwale (lokacin ba gada, ni kuwa idona a rufe har muka tsallaka) muka je Kirkissoye wajen kawunta, wani tsohon masunci da aka ce ya san hannun mutanen ruwa. Ya ba ni jiƙo a 'yar tukunya: nono mai tsami, garin gero, toka, da wasu saiwoyi masu warin da ko kare ba zai tsaya ba. Ya ce in juye wa Malam a ka yana kallon ruwa, kafin ya haɗiye abin da suke ba shi, kuma in kira sunansa na yanka da ƙarfi don kurwarsa ta juyo.

Na ce, "Baba, sunansa? Ni 'yar mutunci ce, ko a mafarki ban taɓa faɗa ba."

Ya ce, "To zaɓi ɗaya, 'yata. Kunya ko miji."

Da gari ya waye Malam ya fita, na bar wa Zalika goyo, na ɗauki tukunya na rufa mayafi na bi sawunsa. Bakin gulbi kowa da abin da ya kawo shi. Masu wanki na dukan tufafi a kan duwatsu, mata na cuɗa tukwane da yashi, masunta na jawo taru, masu lambu na ɗibar ruwa. Sai ga wasu maza cikin guntayen wanduna sun jeru suna wurga hannuwa. Wani mai tumbi yana gaba, in ya nuna ruwa da yatsa duk su kalla su gyaɗa kai, in ya tsaya ya ja numfashi su ma su ja. Malam ne na ƙarshe, yana haki. Na ce innalillahi, ashe ba shi kaɗai suka kama ba.

Suka je can, suka juyo, ba su gai da kowa ba, ba su sayi komai ba. Daga nan suka hau barandar wani otel da ke kan tudu, inda ragowar Nasara ke karin kumallo. Suka zauna duk fuskokinsu na duban gulbi. Wani mai farar riga ya kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, da wasu 'yan kofuna irin na wasan yara. Abin da ke ciki baƙi ƙirin, kamar ruwan marina, yana hayaƙi. Malam ya ɗaga kofi, ya yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci, ya kai baki.

Ban san lokacin da na haye matakalar nan ba. Na buɗe maƙogwaro na rangaɗa sunan. (Kada ku sa ran ji, sau ɗaya ya ishe ni har lahira.) Cokula suka tsaya. Malam ya juyo, na sheƙa masa jiƙo tun daga ka har ƙirji.

To da a nan na tsaya, da wataƙila an binne maganar. Amma na duba tukunya, da saura. Na dubi mai tumbin nan, ga kofi a hannunsa, ga shi ma ɗan wani ne, wataƙila matarsa ba ta da maƙwabciya irin Zalika. Tausayi ya kama ni. Na ce, "Bawan Allah, ban san sunanka ba, amma Allah Ya sani," na juye masa ragowar a sanƙo.

Nono na ɗiga daga hancinsa yana faɗawa cikin kofi. Wata Banasariya ta tura adiko a baki, kafaɗunta na rawa. Mutumin ya share ido, ya yi wata doguwar magana da Faransanci, sannan ya dubi Malam ya ce da Hausar Adar, "Wagga fa?"

Malam, gari na bin gemunsa, murya can ƙasa, ya ce, "Iyalina ce, ranka ya daɗe."

Ranka ya daɗe! Ashe direktan biro ɗinsu ne. Na rasa inda zan sa kaina, sai na durƙusa da tukunya a hannu na ce, "Ina kwana?"

A gida Malam bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Kafe ne, baiwar Allah, gahawar Nasara. Kafe! Mutumin nan daga Faransa ya dawo da al'adar tafiyar safe, wai tana gyara jini. Wanda ya bi shi ya sha abin da yake sha, shi ake bari a Yamai. Kin zaci daɗinsa nake ji? Murɗa mini ciki yake har azahar, shi ya sa ba na iya shan komai."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "In ce miki me? Ina bin ƙato a baya kamar tunkiya don kujera?"

Kun ji inda haushina yake har yau. Namiji ya fita ƙwauri a waje, ya dawo yana rawar hannu, ya ƙi abincin matarsa, ya kulle bakinsa, sannan a ce ni ce ban da hankali? A Maourey yara suka sa mini suna Mai Tukunya. Zalika kuwa, da na je mata da kuka, cewa ta yi, "Ni na ce ki yi wa direkta? Magani na mutum ɗaya aka ba ki!"

Kafin watan ya mutu aka kira Malam aka ce an yi masa ƙarin girma, an tura shi Bilma. Muka hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, muka nausa cikin rairayi, inda ruwa sai an leƙa rijiya. Shekarun da muka yi can ba dama, gishiri da dabino har suka fita ranmu. Amma ku saurara da kyau: tun daga ranar nan Malam bai sake zuwa bakin gulbi ba, hannunsa ya daina rawa, wuyansa ya cika, ya mutu a kan gadonsa da furfura. Duk mai cewa maganin bai ci ba, ya zo ya faɗa a gabana.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. In za ki ceci mutum, ceci naki ki tsaya. Ragowar magani a ƙasa ake zubar da shi.