Yadda na sa wa ƙaton jariri tamowa

Ba zan taɓa mantawa da ranar awon yara a wani ƙauye kusa da Urafane ba, ko da yake na sha ƙoƙarin mantawar.

Shekarar na ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, amma a ɓangaren adabi. Ni kuwa aikin jinya nake so, kuma jarrabawar shiga makarantar jinya cike take da kimiyya da sanin jikin ɗan Adam, abubuwan da rabona da su tun koleji. A Tasawa akwai darussan share fage na wata uku da ake yi a hutun damina saboda irinmu. Wanda bai yi su ba, da wuya ya tsallake. Babana kuma ya faɗa mini ƙarara cewa sau ɗaya zan gwada: in na faɗi, in dawo gida in nemi koyarwa a lakwal, wato firamaren garinmu.

Sai na yi dabara irin ta masu wayon tsiya. Na ce darussan su jira, zan fara da asibiti, ai gani ya kori ji. Gaskiyar magana, zama a benci ɗaya da waɗanda na fi maki a lise, babbar sakandarenmu, shi ne ya yi mini nauyi, ga shi ina son a gan ni cikin farar riga. (Na kai ɗinkinta tun kafin sakamakon bak ya fito. Har da aljihu biyu.)

Majo Isufu, shugaban asibitin ƙauyen, aminin babana ne. Da na je masa da maganar sai ya ce, "Ɗiyata, tahi ki yi karatun tukuna, asibiti ba ya gudu. Jibi za su ruhe rubuta suna." Na nace har ya gaji, ya ce to gobe in zo in taya shi awo.

Washegari mata sun cika rumfar asibitin maƙil, kowace da goyonta. Majo ya miƙo mini zaren awon damtse mai launi uku: kore lafiya lau, rawaya a kula, ja kuwa tamowa, wato yaro ya rame don rashin abinci mai gina jiki. Ya fara nuna mini yadda ake yi, na katse shi, "Baba Majo, na gane." Ban gane komai ba, wuyan rigata nake gyarawa. Aka kira shi ciki wurin wani mara lafiya, fili ya zama nawa.

Yaro na farko, na naɗa masa zaren can kusa da gwiwar hannu, na ja da ƙarfi kamar ina ɗaure bakin buhun wake. Ja. Na biyu, ja. Kafin a jima na yanke wa yara biyar hukunci. Wata matashiyar uwa ta fara share hawaye da mayafinta. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, a raina cewa nake da ban zo ba da garin nan ya shiga uku.

Sai ga wata tsohuwa da jikanta, ƙaton jariri, wuya ninki-ninki. Na shaƙe damtsensa har ya tsala ihu. Na ɗaga murya don na baya su ji, "Iya, wannan ma tamowa ce."

Ta dube ni, ta dubi jikan. "Wanga? Wanda ya karya man baya tun daga gida?"

Ta kwance haɓar zanenta, ta zaro nata zaren, tsoho har ya koɗe. (Ashe an daɗe da koya wa matan yankin yin awon da kansu a gida. Duk rumfar ni kaɗai ce jahila.) Ta lanƙwasa hannun yaron, ta laluba tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwa, ta naɗa a hankali. Kore shar.

"Ba a shaƙewa, ɗiyar nan," ta ce. "Hannun mutum ne."

Dariya ta ɓarke, har da mai hawayen. Tsohuwar ta bi yaran nan biyar ta sake auna su: huɗu kore, ɗaya rawaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina juyawa na ga Majo tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba.

Bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, "Ƙashin da kike ta shaƙewa, mi sunanshi?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To, da shi za su soma maku a Tasawa."

Bayan azahar ya ɗauke ni a babur ɗinsa har Tasawa, ya tsaya aka rubuta sunana can ƙasan takarda. Wata uku na zauna a bencin da na raina, waɗanda na fi maki suna yi mini bayani, ina godiya. Na ci jarrabawar da ƙyar, amma na ci. Da na biye wa kaina, da ban taɓa shiga makarantar ba, kuma har gobe ina sa Majo da tsohuwar nan, wadda ko sunanta ban tambaya ba, cikin addu'ata.

Yanzu ni ke koya wa mata awon a wani asibiti wajen Mayahi. Kafin in buɗe baki nakan tambaya, "Wa ta iya a cikinku?" Kullum sai an samu. Sai in miƙa mata zaren, in koma gefe in yi kallo da fuskar malama, alhali ni ma bita nake yi.