Yadda Za Ka Ci Gaba Da Zama a Chiang Mai Bayan An Rufe Bizar Masu Jari

Kai Bature mai jari, share gumi, ja kujera. Na ji an rufe ƙofar da ka shigo ta cikinta, wato bizar nan da ake ba wanda ya sayi gida mai tsada. Kada ka damu. Ni ce Pa Lamduan mai taliya, wato Gwaggo Lamduan, rumfata tana kallon ofishin shige da fice, kuma babu irin kukan Bature da ban ji ba. In ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari za ka zauna a ƙasar nan har sauro ya daina yi maka kallon baƙo.

Shaidata Khun Flemming ne, mutumin Denmark, wanda muke kira Khun Fem don harshenmu ba ya son wahala. Khun kuwa laƙabin girmamawa ne a nan. Ya sayar da kamfaninsa na manyan motoci ya taho da mahaifiyarsa, Yai Inga, wato Kaka Inga, wadda ciwon mantuwa ya kama. Ya kai ta wani gidan kula da tsofaffi a bayan gari, shi kuma ya sayi saman bene. Kullum da safe zai kai mata furanni, ya zauna kaɗan yana latsa waya, ya sumbaci goshinta ya tafi. Ita takardunta lafiya lau, tsufa ya tsaya mata. Shi ne aka ce in bizarsa ta ƙare ba za a sabunta ba.

Mataki na ɗaya: Ka yi fushi a inda za a gan ka

Kada ka ɓata fushinka a ɗaki. Ka zo rumfata da hantsi, ka bugi tebur, ka sanar da jama'a yawan abin da ka zuba a ƙasar nan. Khun Fem ya yi haka har cokula suka yi tsalle.

"Ni fa na taimaki tattalin arzikinku!" in ji shi.

Na ce, "Mun gode, Khun Fem. Da kaza ko da naman sa?"

Daga nan ya tsallaka titi ya maimaita wa jami'ar da ke bayan gilashi. Ta yi masa murmushi mai kyau. Ka riƙe wannan hikimar: a nan, in murmushi ya yi faɗi da yawa, to maganarka ta mutu.

Mataki na biyu: Ka tsufa da gaggawa

Hanya mafi sauƙi ita ce bizar masu ritaya, amma sai ka cika hamsin. Khun Fem yana da arba'in da bakwai. Mutumin da ya yi shekaru yana rina gashi yana ɗaga ƙarfe don a ce masa saurayi, ga shi ƙuruciya ta zame masa laifi. Ya daina rini, ya bar furfura ta fito, har ya fara dafa ƙugu in zai tashi. Jami'ar ta tausaya masa, ta sa aka ba shi kujera, sannan ta nuna masa ranar haihuwarsa a fasfo.

Darasi: in za ka zo ƙasar mutane, ka sa a haife ka da wuri.

Mataki na uku: Ka koma ɗalibi

Ɗalibi yana samun izinin zama. Za ka iya koyon harshenmu, amma a kula, ana iya yi maka tambaya da shi. Khun Fem ya san cewa duk iliminsa bai wuce "kada a sa barkono" ba, sai ya zaɓi makarantar dambe, irin namu na ƙafa da gwiwa.

Maigidan makarantar, Khru Daeng, wato Malam Daeng, tsohon ɗan dambe ne mai karyayyen hanci. Khun Fem ya ja shi gefe ya ce, "Khru, ba sai na riƙa zuwa ba, ko? Ka gane ai."

Khru Daeng ya ce, "Na gane sarai. Gobe da asuba, ka zo da gajeren wando."

Don kada a ji masa ciwo, sai aka haɗa shi da wata 'yar siririyar mata mai sayar da mangwaro a kasuwa, wadda tsawonta bai kai hammatarsa ba. Ya ce shi ba ya dukan mata. Ta ce babu komai, ita tana dukan maza. Haƙarƙarinsa biyu suka tsage. Da ya je gaida mahaifiyarsa yana tafiya a karkace, ta dube shi ta tambayi ma'aikaciya ko wannan tsohon sabon zuwa ne.

Mataki na huɗu: Ka fita don ka shigo

Wannan dabara ce ta masana. Ka shiga ƙaramar bas cike da Turawa masu warin rana, a kai ku bakin iyakar Laos, ka tsallaka kogi, ka sha kofi, ka dawo a matsayin sabon ɗan yawon buɗe ido wanda bai taɓa ganin ƙasar da yake da gida a cikinta ba. Khun Fem ya yi, ya sake yi. A zuwan ƙarshe aka riƙe shi a can 'yan kwanaki ana duba takardu, kuma jami'in da ya buga masa hatimi ya ce, "Yallaɓai, ka ga gari ya ishe ka haka. Wannan ne na ƙarshe."

Da ya dawo ya tarar Yai Inga ta daina cin abinci. Ɗan Turancin da take yi wa ma'aikata ya gudu daga kanta, saura harshen garinsu kawai. In za a yi mata wanka sai ta yi ta ihu tana maimaita kalma ɗaya, babu wanda ya san me take nufi. Shi ya gaya musu abin da take cewa: ruwan ya yi sanyi.

Mataki na biyar: Ka nemi aure

Auren 'yar ƙasa yana ba da izinin zama. Ka zaɓi wadda ka sani, mai sana'a, mai hankali. Kuskuren Khun Fem kenan, ya zaɓi mai hankali.

Ya zo bayan cinikin rana ya lafa, da riga mai guga, ya ce, "Pa Lamduan, ke mijinki ya rasu, ni ba ni da mata. A takarda kawai."

Na ce, "Khun Fem, na girme ka da shekara goma sha wani abu. Jami'ai za su zo su ɗauke mu hoto a bakin gado, su tambayi maƙwabta ko muna faɗa kamar ma'aurata. Ni kuwa na yi wa namiji ɗaya wanki har na raka shi inda aka ƙona gawarsa, na gama bautar ƙasa. Me ya hana ka komawa gida ne? An ce can har kare yana da likita."

Bai yi dariya ba. Ya ce likita ya gaya masa tsohuwar ba za ta jure tafiyar jirgi ba. In ya tafi, za ta mutu a cikin mutanen da ba sa jin abin da take faɗa. Ya ce, "Ni na kawo ta, Pa."

Na zuba masa taliya da romon kwakwa, na ƙara masa cinyar kaza. Aure dai ban yi ba.

Mataki na shida: In komai ya gagara, ka yi aiki

Na ajiye wannan a ƙarshe don na san shi ne ya fi yi maka ɗaci.

Shugabar gidan tsofaffin, Khun Suphap, ta lura cewa duk ranar da ya zauna yana yi wa mahaifiyarsa magana, tana ci. Kuma akwai wasu tsofaffi daga ƙasashensu na sanyi da su ma harshen uwa kaɗai ya rage musu. Sai ta kira shi ta ce za ta nema masa izinin aiki, in ya yarda ya zama ma'aikacinsu na gaske, da riga da lokacin zuwa.

Ya ce, "Ni? Na taɓa riƙe direbobi sittin!"

Ta ce, "Madalla. Cokali ba zai gagare ka ba."

Ya yi mako yana kumbura, sannan ya je. Jami'ar bayan gilashi ta buga masa hatimi ba tare da murmushi ba, alamar komai ya yi daidai. Yanzu yana sa koriyar riga irin ta ma'aikata, yana taɓa ruwan wanka da gwiwar hannu, yana sauraron wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ke ba shi labari ɗaya kullum.

Kwanan baya ya zo rumfata ya ce yana ba mahaifiyarsa kunun shinkafa sai ta riƙe masa hannu ta ce, "Kai yaron kirki ne. Ina da ɗa sa'anka, amma shi babban mutum ne, ba ya zama."

Na ce, "To, ka gaya mata kai ne?"

"Na ce mata zan faɗa masa ya riƙa zama. Sai ta ce a'a, kada in dame shi, abubuwa sun yi masa yawa. Wai ni na ishe ta."

Ya ci taliyarsa, har ya sa barkono, ya duba agogo ya ce zai makara.

Gargaɗi

Ni mai taliya ce, ba lauya ba. Doka tana sauyawa fiye da farashin albasa, don haka abin da ya yi jiya ba lallai ya yi yau ba. In an kama ka, ban san ka ba. In an mayar da kai ƙasarku, ka gaida sanyi. In kuma garin neman hatimi ka wayi gari kana da amfani ga wani mutum, wannan tsautsayi ne da ya same ka kai kaɗai, kada ka zo rumfata neman diyya.