Dannin da na yi wa surukina

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na koma Fakku da takardar ilimin aikin gona ba. Lokacin ko gaisuwa aka yi mini sai na sako zancen zaizayar ƙasa.

Surukina, Baba Sahabi, yana da gonar gero mai jigawa, da wani tsohon dannin aguwa ta gabas. Ni kuwa, don in nuna masa bai yi asarar 'yarsa ba, na ce dannin nan yana tare wa shuka hantsi, a tuge shi. Aka kuwa tuge. Na kawo dashen dogon yaro, na jera layi biyu, ɗaya ta kudu ɗaya ta arewa, kowanne ya miƙe daga gabas zuwa yamma, na kuma kafa musu zana don su yi saurin tare iska. (Na lissafa inuwa tsaf. Inda iska take fitowa ne ban tambayi kowa ba.)

Baba ya dubi layukan, ya ce, "Malam, haka littahi ya ce?"

Na ce, "Haka ne, Baba." Kunyar suruki ta hana shi ƙarawa.

Gero ya tsiro gwanin sha'awa, har na gayyato abokan Baba su zo bayan la'asar in yi musu bayani. Ina tsakiyar bayanin hadari ya taso daga gabas, kamar yadda yake tasowa tun kafin a haife ni. Wayyo! Iska ta sami hanya shararra tsakanin zanata biyu, ta kwaso rairayi ta bi gonar tun daga kai har gindi. Hulata ma sai a gonar maƙwabci aka tsinto ta, inda gero ke tsaye lafiya lau bayan tasa aguwar. Namu kuwa an binne shi da rai, kuma shi ne abincin gidan na shekara.

Wallahi na so ƙasa ta haɗa da ni.

Baba ya kakkaɓe gemu, ya ce a hankali, "Malam, in za a yi salla, yaya aka tsayuwa?"

Na ce, "Sahu, kafaɗa da kafaɗa, a fuskanci gabas."

"To haka icce ka tsaya ma iska. Kai layin awon hatsi ka yi musu."

Tsofaffin nan suka yi dariya har da riƙe ciki.

Kwana shida na yi a duƙe ina maimaita shuka da irin da na roƙo a Kebbe, sannan na mayar da aguwa ta gabas da hannuna, ruwanta yana ƙona mini fata. Geron ya yi, ko da yake a makare. Matata har yau in ta ga na ɗauko takarda sai ta ce, "A dai tambayi Baba."

Yanzu duk gonar da aka aike ni, kafin in buɗe baki sai na nemi mafi tsufan garin na tambaye shi ta ina hadari yake zuwa. Hular ma a aljihu nake sa ta.